Wa Ya Tsaya Maka? Daga Fatoma Zuwa Rajistar Kasuwanci a Bakin Komadugu

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa sayen siminti ko taki a babban kanti cikin Difa aka ba shi faktir, in ya duba ƙasan takardar ko cikin hatimin zai ga haruffa huɗu, RCCM, da wata doguwar lamba biye da su. Lambar tana faɗin ƙasa, da garin da aka yi rajista, da shekara, sannan harafin A in mutum ɗaya ne mai kasuwar, ko B in kamfani ne. Yawancinmu abu biyu muka ɗauke ta: ko tarkon lampo, ko takardar da ake nunawa a samu kwangilar ƙungiyoyin agaji. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Amma littafin nan da ke ajiye a ofishin girefiye na babbar kotun Difa yana da wani aiki da ba a cika faɗa mana ba. An yi shi ne kuma domin ya kare wanda ya yarda da ɗan kasuwa, ya ba shi kaya bashi ko ya ba shi kuɗi kafin kaya su iso. Ni ɗan Geskeru ne, ɗan manoman tattasai, mu ne masu ba da kaya muna jiran kuɗi, shi ya sa na bi tarihin wannan kariya don in ga daga ina ta fito, kuma ina ta tsaya.

Tambayar da rajista take amsawa tsohuwa ce: wannan baƙon da ke gabana, wane ne shi, kuma in ya gudu wa zan kama? Kakanninmu na ƙasar Barno sun daɗe da amsa ta, kuma amsarsu mutum ce mai rai. Ana ce masa fatoma. Shi ne maigidan da fatake ke sauka a wurinsa, ya ba su masauki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye ta hannun dillalansa. Abin da ya fi duka, shi ne yake tsayawa a tsakani in an yi ciniki bashi. Mai gishirin manda daga Mangari, mai kanwa, mai bandar kifi daga tafki, mai shanu, babu wanda zai saki dukiyarsa a hannun mutumin da bai sani ba sai don fatoma ya ce na san shi. Bature Heinrich Barth, da ya shiga Kukawa a 1851 zamanin Shehu Umar, ya ba da labarin wahalar kasuwar Litinin ta garin: manomi ya kawo hatsi ba ya son wuri, mai saye kuma riyal ke hannunsa, sai ya canja riyal zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya ba da rigar a ba shi hatsi. Kasuwar da ko kuɗinta ba ɗaya ba ne, kun ga ba ta tafiya sai da masu shiga tsakani.

Wannan tsari bai tsaya a Barno ba. Abner Cohen, wanda ya zauna cikin Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta Yarabawa shanun arewa bashi ba tare da wata takarda ba, maigida ne lamuni. In mahauci ya ƙi biya, maigida zai biya daga aljihunsa, don in bai biya ba babu baƙon da zai sake sauka gidansa. Ashe fatoma rajista ne mai tafiya da ƙafa. Ya san wa ya karye, wa ya rabu da ubangidansa, wa ke cin bashi da sunan wani. Sai dai ƙarfinsa duka a kan abu ɗaya yake tsaye: yana nan inda aka san shi, gidansa ba ya tashi.

Malamanmu ma ba su bar zancen ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kuma a Muhtasar na Halil, littafin da alƙalan ƙasar nan suka yi ta hukunci da shi, an tattauna ainihin matsalar da za mu gani a dokar yau: in maigida ya tuɓe wakilinsa amma labari bai kai ba, cinikin da wakilin ya ƙulla bayan nan yana kan wa? Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kai. Ina son ku riƙe wannan tambaya, don ita ce zuciyar maganar.

A Turai, Jamusawa ne suka fi kowa ɗaukar tambayar da zafi. Dokar kasuwancinsu ta 1861 ta kafa rajista a kotuna. Wadda ta gaje ta, ta 1897, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1900, ta tara ƙa'idar a sashe na 15: abin da ya kamata a rubuta a rajista, matuƙar ba a rubuta an sanar ba, ɗan kasuwa ba zai kafa hujja da shi a kan wanda bai sani ba. Wato shirun littafi ma abin dogaro ne. A 1969 suka ƙara wani mataki, cewa in an sanar da abu bisa kuskure, wanda ya dogara da sanarwar yana iya riƙe ta.

Faransa ta makara. Sai ranar 18 ga Maris 1919 ta kafa nata rajistar, bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da ta karɓo Alsas da Loren ta tarar da littattafan Jamusawa suna aiki a can. Amma abin da ya fi damun gwamnatin Faransa a lokacin shi ne ta san su wa ke kasuwanci a ƙasarta, kuma ƴan wace ƙasa ne, don yaƙin ya nuna mata ba ta san yawan dukiyar abokan gaba da ke cikinta ba. Saboda haka rajistar 1919 jerin sunaye ne kawai na hukuma. Ko sunanka na ciki ko ba ya ciki, wanda ya ba ka bashi bai ƙaru da komai ba a gaban alƙali. Sai a gyaran 9 ga Agusta 1953 ne Faransa ta sa wa littafin haƙora.

To, wannan na 1919 ɗin shi aka shimfiɗo wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa a 1928, shekara biyu bayan an ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. Waɗanda abin ya shafa su ne manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, da Larabawa da Kwarori masu kantuna a garuruwan gyaɗa. Mu nan gabas, Difa ƙauye ce a lokacin, mulki yana Gigimi da Maine Soroa. Abin da talaka ya sani na takardar kasuwa shi ne fatanti, kuɗin da ake biya a bar ka ka kasa kaya. A ganina daga nan tsoron ya samo asali. Littafin ya zo mana da fuskar mai karɓa, tun kafin ya koyi kare kowa, kuma wannan fuskar ce ta zauna a zukatan iyayenmu har Difa ta zama babban birnin jiha bayan gyaran mulki na 1964, har kwalta ta iso.

Canjin gaske ya zo daga nesa. Ranar 17 ga Oktoba 1993, a Port-Louis ta tsibirin Moris, ƙasashe 14 suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA, Nijar na cikinsu. Dalili shi ne dokokin kasuwancin da aka gada daga Turawa sun tsufa, kowace ƙasa ta yi musu faci irin nata, mai kuɗi ba ya sanin wace doka alƙali zai ɗauko. Babban alƙalin nan ɗan Senegal, Kéba Mbaye, yana cikin waɗanda suka tsara abin. Ranar 17 ga Afrilu 1997 aka amince da dokar bai ɗaya ta harkar kasuwanci, ta fara aiki 1 ga Janairu 1998, ita ce ta haifi RCCM. Aka sake gyara ta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Yau ƙasashe 17 ke aiki da ita, har da maƙwabciyarmu Chadi da Kamaru. Abin da girefiye ya rubuta a Difa ana tura shi kundin ƙasa, daga nan zuwa kundin yanki da ke hannun kotun ƙoli ta OHADA a Abijan. Kuma dokar ta faɗa a fili cewa bayanan nan don jama'a aka tara su. Ni da kai muna da haƙƙin zuwa mu tambaya.

Yanzu bari mu zauna a kan ayar doka ta 61, don ita ce amsar tambayar Halil a yaren yau. A ɗauka wani Alhaji a Difa yana da kamfanin sayen tattasai, ya rubuta ɗan ƙanensa a rajista a matsayin manaja. Shekara uku yaron na zuwa Geskeru yana ɗaukar kaya da sunan kamfani, ana biya. Sai suka ɓata, Alhaji ya tuɓe shi cikin gida, bai je ya gyara rajista ba, alhali doka ta ba shi kwana 30 ya yi hakan. Yaron ya zo da tsohon hatimi, ya ɗauki buhu arba'in a hannun manomi, ya ɓace. Manomi ya je wurin Alhaji, Alhaji ya ce ai na kore shi tun watan jiya. A nan ayar ta ce wa Alhaji: korar da ka yi abu ne da ya wajaba a rubuta, ba ka rubuta ba, don haka ba za ka jefe manomi da ita ba. A idon doka yaron yana nan manaja, bashin na kan kamfani. Abin daɗi kuma, hanyar ɗaya ce take a toshe. Shi Alhaji ba zai amfana da abin da ya ɓoye ba, amma manomi, in ya ga sanin gaskiyar korar ya fi masa amfani, yana iya kafa hujja da ita.

Sai dai ayar tana da wutsiya, kuma a wurinmu wutsiyar doguwa ce. In Alhaji ya tabbatar cewa lokacin da aka yi cinikin manomi ya san an kori yaron, kariya ta faɗi. Ba laifi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ku duba yadda muke zaune. A Paris ko Abijan mai saye da mai sayarwa ba su san juna ba, littafi ne kaɗai mai magana. A nan labari na riga mota isa. An faɗa a majalisa, an faɗa a tasha, matar wane ta faɗa a gidan suna. Alhaji ba zai rasa mutum biyu da za su ce a gabanmu aka faɗa, yana zaune. Tsakanin jin ƙishin-ƙishin da sani akwai tazara, kuma wannan tazarar alƙali ne zai auna ta. Nauyin kawo hujja dai yana kan Alhaji, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne ga talaka.

Akwai wasu wurare biyu da dokar ta tsaya wa mai yarda. In mai kanti ya ba wani hayar kantin duka, da suna da kwastomomi, to har sai an sanar da yarjejeniyar hayar, bashin da ɗan hayar ya ci don tafiyar da kantin yana kan su biyun. Kai da ka ga allo bai canja ba ka ba da kaya, kana iya bin mai kantin na asali. Sannan wanda ya ƙi yin rajista alhali ta wajaba a kansa, aya ta 60 ta hana shi cin moriyar sunan ɗan kasuwa, amma ba ta bar shi ya ce ni ba ɗan kasuwa ba ne don ya tsere wa nauyi ba. Wannan yana da amfani, domin a kan ɗan kasuwa doka ta yarda a tabbatar da ciniki ta kowace hanya, da shaidu, da saƙon waya, ba lalle sai takarda mai sa hannu ba.

Duk wannan yana rubuce tun 1998, amma a bakin Komadugu babu wanda ya damu da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Tsohon tsari yana aiki. Ɗan kasuwa ya ba manomi bashin mai na injin ban ruwa da taki, da kaka a biya shi da busasshen tattasai, kaya su haye kogi zuwa Damasak da Maiduguri, banda ta bi ta Baga, kuɗi su dawo da naira. Kowa yana da maigidansa a wancan ƙetaren.

Sai Damasak da Malam Fatori suka faɗa hannun Boko Haram a watan Nuwamba 2014, Baga ta bi a Janairu 2015. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai wa Boso da Difa hari, ranar 10 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana babura, aka hana cinikin tattasai da kifi bisa cewa da kuɗinsu ƴan bindiga ke sayen makamai, aka matse sayen taki da mai. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai. Aka rufe kasuwanni irin su Gagamari da Kinjandi. Ba a saki tattasai ba sai Oktoba 2017, kifi kuwa sai Maris 2019, watan da mu ƴan Geskeru ba za mu manta da shi ba saboda hare-haren da suka sake tayar da ƙauyukanmu zuwa bakin kwalta. An yi ta lissafin rayuka da gonaki, kuma ya dace. Abin da ba a lissafa ba shi ne fatoma. Wani ya rasu, wani yana sansani, wani ya koma Kano, wani yana nan amma ba shi da abin da zai tsaya wa kowa da shi. Littafin da ke cikin kansa, na wa ke bin wa, ya tafi tare da shi.

A cikin wannan gurbi ne hatimi ya samu daraja. Ƙungiyoyin agaji suka cika Difa, kuma ba sa sayen ko tabarma sai ka kawo RCCM da lambar lampo ta NIF. Samari suka yi ta yin rajista, kamfanoni suka tsiro waɗanda ofishinsu jaka ce a hammata. Kawuna ya taɓa ba wani mutum tattasai don kawai ya nuna masa faktir mai hatimi da lamba, ya ce shi wakilin wani kamfani ne. Da aka bi sawu, kamfanin yana nan da gaske, amma sunan mutumin bai taɓa shiga rajistarsa ba. Aya ta 61 ba ta da abin da za ta yi wa kawu, don ba wanda aka tuɓe aka ɓoye. Lambar gaskiya ce, mutumin ne na ƙarya. Da wani cikinmu masu boko ya je wurin girefiye ya nemi a nuna masa su wa ke da ikon sa hannu da sunan kamfanin, da an gani kafin a ɗora buhu a mota.

Nan ne babban ramin yake. Kasuwarmu a kan yaran Alhaji take tafiya, su kuwa yara ba a rubuta su. Doka ta tanadi wuri a takardar rajista inda ko ɗan kasuwa mai zaman kansa zai sa sunan waɗanda sa hannunsu ke ɗaure shi, amma wane Alhaji ne zai je kotu ya rubuta yaron da ya rena tun yana goye? Zai ga kamar ya zage shi. Kuma shi girefiye takardu yake dubawa, ya ga sun cika sun dace da juna. Ba ya tashi ya je ya ga ko akwai kanti, ko akwai kaya a ciki. Wanda ya yi ƙarya a rajista doka ta tanadar masa hukunci, amma hukuncin ba ya dawo da buhu.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye, mu matasa. Aron takarda ya zama ruwan dare. Aboki ya samu kwangila ba shi da rajista, ya ce ara mini taka, in an biya ga kasonka. Ka ba shi lamba da hatimi, ka koma aji. To, aya ta 59 ta ce duk wanda sunansa ke rajista ana ɗaukarsa ɗan kasuwa har sai an kawo hujjar akasin haka, kuma lambar da ke kan faktir taka ce. Ranar da abokin ya karɓi kaya bashi ya kasa biya, mai kaya littafi zai bi, littafi kuma ƙofar gidanku zai nuna masa. Kariyar da nake yabo tun ɗazu, a ranar kai za ta kama, kuma da gaskiyarta, don mai kayan bai yi komai ba illa ya yarda da abin da ka rubuta da hannunka. Haka wanda ya daina kasuwa, wata ɗaya doka ta ba shi ya je a soke sunansa. In mutuwa ce, magada suna da wata uku, ko su soke ko su rubuta cewa sun ci gaba. Ku tuna yawan waɗanda suka rasu ko suka watse tun 2015, ku tambayi kanku gida nawa ne suka yi wannan tafiyar zuwa kotu cikin zaman makoki da gudun hijira. Lambar mamaci da hatiminsa suna nan suna iya aiki a hannun wani.

Kogin kansa ma iyaka ne ga littafin. Najeriya ba ta cikin OHADA. Nata rajistar yana hannun hukumar CAC, wadda dokar kamfanoni ta 1990 ta kafa, aka sabunta dokar a 2020. Su sun gaji hanyar Ingila, inda tun shari'ar Turquand ta 1856 aka ce wanda ya yi hulɗa da kamfani da zuciya ɗaya ba dole ne ya binciki abin da ke faruwa cikin gidan kamfanin ba. Manufa ɗaya, littafi daban, kotu daban. Tattasanmu kuwa can yake zuwa. Girefiyen Difa ba shi da ko layi ɗaya a kan mai saye na Maiduguri, alhali yana da hanyar da za a bi a san kamfanin Kinshasa.

Ga kuma harshe. Tun gyaran yarjejeniyar da aka yi a Kebek a 2008, OHADA tana aiki da Faransanci, Ingilishi, Sifaniyanci da Fotugis. Manomin Geskeru Barbarci yake ji, da Hausa, wani da Fulatanci ko Larabcin Shuwa. A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma aya ta 61 tana nan da Faransancinta, kuma takardar da girefiye zai miƙo maka da shi aka cika ta. A gidanmu, cikin masu noma da masu ɗaure buhu da masu karɓar kuɗi, mu biyu ne kaɗai za mu iya karanta ta, ni da ƙanwata da ke lise.